Ma'aikaci da Mudun Awon Kansa

Darasi domin masu-bi a wuraren aikinsu
Abin karatu: Romawa 12:3-8; Fitowa 18:13-26; Matta 25:14-30
Ayar haddacewa: Romawa 12:3

Kowa ya san abin da ya kan sami mai-awo a kasuwa in an kama shi da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Sunansa ya ɓaci ke nan, ko ya dawo da mudun gaskiya mutane ba za su yi saurin komawa rumfarsa ba. Amma akwai wani awo wanda ma'aikata da yawa su kan yi da mudu biyu kowace rana, ba mai-kama su, watau awon kai. In mutum ya zo auna aikin abokinsa sai ya ɗauko babban mudu wanda ba ya cika. In ya zo kan nasa aikin sai ya ɗauko ƙarami, nan da nan ya cika har yana zuba. Akwai kuma waɗansu da su ke juya abin: na kowa ya cika a idonsu, nasu ne kaɗai ba ya cika. Dukansu biyu awon ƙarya ne. A cikin darasin wannan wata muna so mu bincika yadda mai-bi zai san abin da ya iya da abin da bai iya ba a wurin aikinsa, da abin da ya kamata ya yi bayan ya sani.

1. Dalilin da ya sa maganar ta ke da nauyi

Manzo Bulus ya rubuta wa masu-bi na Roma wasiƙa daga Korinti, wajen shekara ta 57. Bayan ya gama bayyana hanyar ceto, ya roƙe su su miƙa kansu ga Allah, sai ya gargaɗe su kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda ya ke, amma ya duba kansa da natsuwa gwargwadon abin da Allah ya ba shi. Daga nan ya lissafta baiwa bakwai: annabci, da hidima, da koyarwa, da gargaɗi, da bayarwa, da shugabanci, da jinƙai, domin kowa ya gane tasa ya tsaya a kanta.

Kada mu ce wannan ta shafi aikin ekklesiya kaɗai. Kwana ɗaya mu ke yi a ɗakin sujada, kwana shida muna gona, ko ofis, ko shago, ko asibiti, ko bisa hanya. A can ne awon ƙarya ya ke jawo hasara, yawanci kuma ba mai-awon ne ya ke fara shan wahalar ba. Direban da ya ke ganin barci ba ya ɗaukarsa, fasinja ne a bayansa. Ma'aikacin asibiti da ya ji kunyar cewa bai gane rubutun likita ba, majinyaci ne zai sha maganin. Maginin da ya karɓi aikin bene alhali bai taɓa wuce ginin ɗaki ɗaya ba, iyalin wani ne za su kwana a ciki. Ma'ajin ekklesiya wanda lissafi ya fi ƙarfinsa amma ya yi shiru, ko bai ci ko kwabo ba, ranar da aka buɗe littafi sunansa da na ekklesiya za su ɓaci tare.

Bayan haka, da yawa cikinmu muna aiki tare da waɗanda ba su bin Yesu. Ba za su zo su ji wa'azin ran Lahadi ba, amma suna ganin ɗinkinmu, da lissafinmu, da lokacin da mu ke isowa aiki. In sun ji mai-bi yana cika baki a kan abin da kowa ya san bai iya ba, yaya za su gaskata shi sa'ad da ya yi masu maganar abin da ba su gani ba?

2. Rami biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu

Ramin fari na mai-kai kansa inda Allah bai kai shi ba ne. Wannan ciwo ba na ƙasa ɗaya ba ne. A shekara ta 1981 wani masani na ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya buga sakamakon tambayar da ya yi wa ɗalibai masu-tuƙin mota a Amurka da Suwidin. Ya nemi kowa ya faɗi inda ya ke tsammani ya tsaya a wajen iya tuƙi in an gwada shi da sauran. Cikin na Amurka, 93 cikin 100 suka sa kansu a rabin da ya fi iyawa. Cikin na Suwidin kuwa 69. Amma rabin 100 ai 50 ne. Ba nufin yin ƙarya suka yi ba, haka su ke ganin kansu. Gaskiya ne da aka ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hangi na wani.

Mu tuna da Bitrus a daren da aka ba da Ubangijinmu (Markus 14:29-31). Ya yi alkawari ko dukan sauran sun yi tuntuɓe shi ba zai yi ba. Da gaske ya ke, yana kuwa ƙaunar Yesu, amma bai san kansa ba. Mu lura da abin da wannan ya jawo masa. A Jatsaimani aka ce ya yi tsaro ya yi addu'a, sai ya yi barci, gama wanda ya tabbata da ƙarfinsa ba ya yin shiri. Kafin gari ya waye ya yi musun sanin Ubangiji sau uku, na farin ma a gaban wata baranya.

Rami na biyu na mai-rena abin da Allah ya ba shi ne. A cikin misalin talanti, maigida ya ba ɗaya biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma guda, kowa gwargwadon iyawarsa. Ashe wanda aka ba guda ɗin yana da ƙarfin juya guda. Ya tona rami ya binne, ya ce tsoro ya ji. Maigida bai karɓi wannan a matsayin tawali'u ba, ya kira shi mugu, rago. Musa ma a wurin kurmi mai-cin wuta ya ce shi mai-nauyin baki ne, Allah kuwa ya ce zai kasance tare da bakinsa. Amma da ya ce a aiki wani dabam, sai fushin Ubangiji ya yi ƙuna a kansa, sa'an nan ya ba shi Haruna ya zama bakinsa (Fitowa 4:10-16).

A wurinmu kunya abin yabo ce, saboda haka wannan rami ya fi wuyar ganewa. Ga mace wadda ta ke riƙe lissafin sana'arta daidai, ko sisi ba ya ɓacewa, amma in zumuntar mata sun nemi ma'aji sai ta ce ita wace ce. Ga saurayi wanda ya san abin da ya lalace a inji, ya yi shiru don kada a ce ya cika rawar kai, aikin kwana uku ya tsaya. "Ban iya ba" iri biyu ce: akwai ta gaskiya, akwai ta gudun nauyi. Tawali'u shi ne mutum ya faɗi gaskiya a kan kansa, ba ƙari, ba ragi.

3. Gida mai-sassa huɗu

Me ya sa sanin kai ya ke da wuya haka? A shekara ta 1955 waɗansu masanan halin ɗan adam biyu a Amurka, Joseph Luft da Harrington Ingham, suka raba abin da a ke iya sani game da mutum kashi huɗu. Su sun kwatanta shi da taga mai-gilashi huɗu. Mu kuwa bari mu kwatanta shi da gida.

Akwai zaure: abin da mutum ya sani game da kansa, kowa kuma ya sani. Kowa ya san wane ya iya rubutu mai-kyau, shi ma ya sani.

Akwai ƙuryar ɗaki: abin da shi kaɗai ya sani. Mai-ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Akawu ya san akwai wata takarda da bai taɓa gane yadda a ke cika ta ba, kullum sai ya yi dabara ya tura wa wani.

Akwai bayan katanga: masu-wucewa suna ganin tsagar da ke jikinta, mai-gida yana ciki bai sani ba. Dukan ma'aikata sun san shugabansu ba ya barin kowa ya gama magana, shi kuwa yana ganin ba wanda ya kai shi sauraro.

Akwai kuma harsashin gini da ke cikin ƙasa: ba mai-ganinsa sai Allah, sai kuwa ranar da aka yi ruwa mai-yawa a san irinsa. A nan raunin Bitrus ya ke ɓoye har zuwa wancan dare. A nan kuma baiwar sarauta ta ke ɓoye cikin Dauda sa'ad da ya ke bin tumaki.

Da wannan mun ga tunani kaɗai bai isa ba. In mutum ya zauna ya yi ta bincikar zuciyarsa har gobe, zaure da ɗaki kaɗai zai zaga. Bayan katanga sai an gaya masa, harsashi kuwa sai Allah ya nuna masa.

4. Mudu uku na gaskiya

Na fari, aikin da ya riga ya fita daga hannunmu. Bulus ya gaya wa Galatiyawa kowa ya gwada aikin kansa (Galatiyawa 6:4). Sa'ad da Saul ya yi shakkar Dauda zai iya fuskantar Goliyat, Dauda bai tsaya kan abin da ya ke ji a ransa ba. Ya kawo labarin zaki da wani babban naman jeji da ya kashe a wurin kiwo, ya kuma ba Ubangiji girman. Haka mu ma mu nemi shaida. Tela ya ƙirga riguna nawa aka dawo masa da su a wata uku, da abin da aka ce ya gyara. Malamin makaranta ya duba yara nawa suka iya karatu a ƙarshen shekara. Manomi ya gwada damin bara da na bana. Kowa ya tambayi kansa: wane aiki ne mutane su ke dawowa wurina dominsa? Wanne ne na kan ɗaga sai gobe, sai jibi? Ya kamata a rubuta amsa cikin littafi, gama zuciya ta kan riƙe yabon da aka yi mata shekara goma, ta manta da kuskuren jiya.

Mu yi hankali kada mu mai da abokin aiki mudunmu. Bulus ya ce marasa-fahimta ne masu-auna kansu da junansu (2 Korintiyawa 10:12). Wanda ya ke so ya ji daɗi kullum zai sami rago ya tsaya kusa da shi, wanda zuciyarsa ta karai kuma zai sami gwani ya gwada kansa da shi. Abin tambaya shi ne ko aikin ya biya bukatar wanda aka yi dominsa.

Na biyu, bakin mutanen da su ke ganinmu. Musa ya kan zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, su kuwa suna tsaye kewaye da shi. Nufinsa mai-kyau ne, bai kuwa ga wani laifi a ciki ba. Surukinsa Yetro ya zo baƙunci, ya duba, ya fara da tambaya tukuna, sa'an nan ya gaya masa a fili abin ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya zaɓi amintattu, masu-tsoron Allah, masu-ƙin cin hanci, ya sa su bisa mutum 1,000, da 100, da 50, da 10, manyan ƙararraki kaɗai su riƙa zuwa wurinsa. Musa, mutumin da Allah ya ke magana da shi, ya ji shawarar baƙo ya aikata.

Afolos kuma mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, masanin Littattafai, amma baptismar Yohanna kaɗai ya sani. Biriskilla da Akila, masu-ɗinkin tanti, suka ji shi a Afisa, suka jawo shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah. Bai ce su wane ne da za su koya masa ba. Daga baya ya zama babban taimako ga masu-bi na Akaya (Ayyukan Manzanni 18:24-28).

Akwai dabarar tambaya. In mun ce wa mutum, "Yaya ka ga aikina?" zai ce, "Madalla, ba laifi," gama ba ya so ya ɓata mana rai. Gwamma mu ce, "Wane abu ɗaya ne in na daina yinsa aikinka zai yi sauƙi?" Ko kuwa, "Wane aiki ne ka ga ya fi kyau a hannuna?" Kada mu tambayi mai-neman wani abu a wurinmu. Mu tambayi tsohon hannu mai-gaskiya, mu kuma tambayi na ƙasa da mu, kamar ɗan koyo, da yaron shago, da masinja, gama su ne su ke zama a bayan katangarmu. In an ba mu amsa mu yi godiya mu yi shiru, mu tafi da maganar gida mu juya ta. Wanda ya yi gardama a karon fari, ba za a sake gaya masa gaskiya ba. Ko maganar maƙiyi ma a sheƙe ta, a zubar da ƙaiƙayi, a duba ko akwai tsaba.

Na uku, Maganar Allah da addu'a. Yaƙub ya kwatanta Maganar da madubi, ya kuma yi faɗa a kan wanda ya duba fuskarsa ya tashi ya manta (Yaƙub 1:23-24). Mai-zabura, a ƙarshen Zabura 139, ya roƙi Allah ya bincike shi ya nuna masa in da wata muguwar hanya a cikinsa. Wannan mudu yana yin wani aiki da sauran biyun ba su iyawa: yana raba kasawa da zunubi. Nauyin hannu ba zunubi ba ne. Rashin jin Turanci ko rashin iya kwamfuta ba zunubi ba ne. Amma makara kullum, da ɗaukar kayan ofis zuwa gida, da karɓar na goro kafin a yi wa mutum aikinsa, da zagin na ƙasa, waɗannan zunubi ne, ko da mun sa masu suna "halina ke nan." Maganin kasawa koyo ne, maganin zunubi tuba. Wanda ya gauraya su zai yi ta baƙin ciki a kan abin da Allah bai kama shi da laifi ba, ya kuma yi ta ba kansa hujja a kan abin da Allah ya hana.

5. Rauni maƙwabcin ƙarfi ne

In mun auna da kyau za mu tarar da wani abin mamaki. Sau da yawa babban rauninmu yana zaune ƙofa da ƙofa da babbar baiwarmu. Himmar Musa ce ta sa ya rungumi dukan shari'a shi kaɗai. Ƙarfin halin da ya sa Bitrus ya fita daga jirgi ya taka ruwa, shi ne ya sa ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Marta gwanar karɓar baƙi ce, hidimar kuwa ita ce ta ɗauke hankalinta daga maganar Baƙon.

Haka ya ke a wuraren aikinmu. Kafinta mai-saurin hannu shi ne ya kan yanka katako kafin ya sake aunawa. Akawu mai-lura ƙwarai, wanda ba a samun kuskure a littafinsa, shi ne ya kan bar mutane a layi har azahar. Malami mai-taushin zuciya yara suna sonsa, amma ajinsa kamar kasuwa. Ma'aji mai-fara'a da kowa ba ya iya cewa a'a in dattijo ya zo neman rance daga baiko. Saboda haka, wanda ya ke neman rauninsa ya fara dubawa kusa da abin da a ke yabonsa a kai. A nan ne ba ya sa tsaro, gama a nan ne ya amince da kansa.

6. Abin da za mu yi da abin da muka gano

Game da ƙarfinmu, mu yi godiya, gama ba abin da mu ke da shi wanda ba karɓa muka yi ba (1 Korintiyawa 4:7). Mu yi aiki da shi ba tare da jiran lallashi ba. Mu kuma koya wa waɗansu. Allah ya cika Bezalel da gwanintar aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa domin ginin mazauni, ya kuma sa masa koyarwa a zuciya, shi da Oholiyab (Fitowa 35:30-34). Gwanin da ya ɓoye sana'arsa don kada yaronsa ya fi shi, za a binne su tare.

Game da rauninmu, hanya uku ce. Akwai wanda koyo ya ke kawar da shi. Matambayi ba ya ɓata, kunyar tambaya ta rana ɗaya kuwa ta fi kunyar ɓarna sauƙi.

Akwai wanda ba ya rabuwa da mutum, sai a yi masa shinge. Mantuwa tana cikin wannan, ba ta kuwa bar manyan likitoci ba. A shekara ta 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai-ɗauke da abubuwa 19 da za a duba a ɗakin tiyata: kafin a sa majinyaci barci, kafin a yanka, da kafin a fita da shi. A ciki akwai tabbatar da sunansa, da gefen jikin da za a yi wa aiki, da ƙirga kayan aiki don kada a bar wani a cikinsa. An gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe 8, ɗaya a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna masu-mutuwa bayan tiyata sun ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. Ba sabon magani aka samo ba, gwanaye ne suka yarda su ma su kan manta. To, mai-mantuwa a cikinmu ya riƙe ɗan littafi. Mai-saurin fushi ya kwana kafin ya amsa wasiƙar da ta ɓata masa rai. Wanda kuɗi su ke ruɗinsa kada ya ƙirga baiko shi kaɗai. Direban da ya san barci ya kan zo masa bayan abinci ya tsaya ya huta.

Akwai kuma wanda sai a bar wa wani. Sa'ad da aka yi gunaguni a ekklesiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye mata, manzanni ba su ƙara wa kansu kaya ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, su kuwa suka tsaya ga addu'a da hidimar Magana. Littafi Mai-tsarki na Hausa da ya fito dukansa a shekara ta 1932 ma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Likita Walter Miller na Zariya ya ɗauki babban rabo, amma ya yi aikin tare da waɗansu 'yan mishan da kuma Hausawa masu-harshen. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan sai mu yi magana kan ƙarin girma. Ba kowane matsayi da aka miƙo mana ne namu ba. Saul ya sa wa Dauda kayan yaƙinsa, abin girmamawa ne ƙwarai, amma Dauda ya gwada tafiya ya ga bai saba da su ba, ya tuɓe, ya ɗauki majajjawa da duwatsu biyar. Gwanin koyarwa ba lalle ne ya zama gwanin riƙon makaranta ba. Ubangiji ya ce mai-shirin gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28-30). In lissafi ya nuna za mu iya in mun koya, mu karɓa, mu faɗi abin da mu ke bukatar koya. In ya nuna ba namu ba ne, mu yi godiya mu ƙi, ko da albashin ya fi.

Kada kuma mu ɗauki awon yau kamar hukuncin ƙarshe. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma gida, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ya ɗauke shi. Bayan shekaru Bulus da kansa ya rubuta wa Timotawus ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timotawus 4:11).

7. Kalma ga shugabanni

Ya ku masu-gida a wurin sana'a, da shugabannin ofis, da dattawan ekklesiya, wannan nauyi yana wuyanku fiye da kowa. In yaronku ya ce bai gane ba kuka yi masa tsawa a gaban mutane, kun koya masa ɓoyewa ke nan, ɓarnar da zai ɓoye kuwa taku ce. Ku yi kamar Biriskilla da Akila, ku jawo mutum gefe. Ku faɗa masa abin da ya iya da gaskiya kamar yadda ku ke faɗin abin da bai iya ba, gama da yawa ba su san baiwarsu ba sai wani ya kira ta da suna. Ku kuma tuna, gwargwadon girman mutum, gwargwadon ƙarancin masu-gaya masa gaskiya. Kowane Musa yana bukatar Yetro.

8. Abin da ya ke ba mu ƙarfin hali

Me ya sa mutane su ke gudun wannan awo? Domin suna tsoro in an ga kasawarsu darajarsu ta tafi. Mai-bi ba shi da dalilin wannan tsoro. Ba saboda gwanintarmu Allah ya karɓe mu ba, ya san harsashin gidanmu tun kafin ya kira mu. A bakin tekun Tibariya, bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa. A wannan karo Bitrus bai gwada kansa da kowa ba, ya jingina ga sanin da Ubangiji ya yi masa. A nan ne aka danƙa masa kiwon tumaki (Yohanna 21:15-17). Wanda ya san kansa ne a ke iya ba amana.

Aikin wannan wata

Kowa ya sami takarda ya raba ta biyu. A gefe ɗaya ya rubuta abu uku da ya iya, da shaidar kowanne. A ɗaya gefen ya rubuta abu uku da ya kasa, ya sa alama ko na koyo ne, ko na shinge, ko na bar wa wani, ko kuwa na tuba. Ya tambayi mutum biyu a wurin aikinsa, ɗaya na sama da shi, ɗaya na ƙasa. Ya ajiye takardar cikin Littafinsa, bayan wata shida ya sake dubawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane bambanci ke tsakanin "ban iya ba" ta Dauda a kan kayan yaƙin Saul da ta bawan da ya binne talanti?
2. Me ya sa Musa bai ga abin da Yetro ya gani cikin ɗan lokaci kaɗan ba?
3. Ku kawo misalin kasawa biyu da zunubi biyu da a kan gauraya a wuraren aikinku.
4. Yaya ƙarami zai gaya wa babba gaskiya ba tare da rashin ladabi ba?
5. Akwai wani a ekklesiyarku da ya ke da baiwa amma ba a taɓa gaya masa ba? Wa zai gaya masa?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka yi mu, ka san iyakar ƙarfinmu. Ka tsare mu daga girman kai da kuma ragwancin da ya ke sa rigar tawali'u. Ka ba mu kunnen jin gyara, ka ba mu abokan aiki masu-gaskiya. Abin da ka ba mu, ka taimake mu mu yi aiki da shi. Inda muka kasa, ka koya mana. Inda muka yi zunubi, ka gafarta mana. Bari aikin hannuwanmu ya jawo wa sunanka girma a gaban waɗanda ba su san ka ba. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.